Tarwaɗar da Ba Ta da Gashin Baki

Shekarun da maigidana ya yi aiki a kudu, a wani gari na bakin teku muka zauna. Maƙwabciyata a can sana'arta busar da kifi. Idan na taso daga makarantar da nake koyarwa, sai in ja kujera 'yar tsugunno in taya ta tsince ƙananan kifaye kafin ta shanya. Akwai wasu 'yan mitsi-mitsi da ba su wuce ɗan yatsa ba, masu kwanciya a ƙasan ruwa, idanunsu a saman ka kamar na kwaɗo. Da farko duk iri ɗaya nake ganinsu. Ita ta koya mini in juya cikin kifi in duba. Wani fikafikansa na ƙasa sun haɗe kamar ɗan faifai, da su yake manne wa dutse, wani kuwa nasa a rabe suke. Wani yana da baƙin ɗigo a gindin wutsiya, wani zane ne ya ratsa masa kumatu. Idan na jefa wani a kwanon da ba nasa ba, sai ta buge mini hannu. Ta kuma ce kada in ɗauka 'ya'yan manyan kifaye ne. Iyakar girmansu ke nan har su tsufa.

Bayan mun dawo Kazaure, kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya shiga sha'awar kiwon kifi. Manomi ne a wani ƙauye wajen Roni, mutum mai saurin yarda da baƙo. Ya sayar da ɗan bijiminsa, ya sa aka haƙa masa tafki a gefen fadama, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki.

Wata Asabar na je gaishe shi, na tarar da maza sun taru a bakin tafkin. Wani mutum ya zo a kan babur da jarkoki biyu da aka yanke musu baki, cike da ruwa da 'yan kifaye. Yana ta bayani, wai 'ya'yan tarwaɗa ne irin na zamani, kafin kaka kowanne zai kai damtsen mutum. Na gaisa da jama'a, na leƙa jarkar. Kifayen suna kwance a ƙasa sun yi lamo, ba sa ninƙaya irin na ɗan tarwaɗa. Na sa hannu na ɗebo ɗaya. Ba na teku ba ne, na rafin ƙasar nan ne, amma da gani dangin waɗanda na sha tsincewa ne: idanu a sama, fiffike biyu a gadon baya, ga ɓawo a jiki.

Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, wannan fa ba tarwaɗa ba ce. Ina gashin bakinta?"

Mai babur ya yi murmushi, bai ko dube ni ba. Sai ya fuskanci Kawu ya ce, "Alhaji, irin na zamani sai sun tasa gashin yake fitowa."

Na ce, "Tarwaɗa tun tana ƙarama take da shi. Kuma jikinta santsi ne, ba ta da ɓawo. Taɓa ka ji."

Na miƙa wa Kawu kifin a tafin hannuna. Bai karɓa ba. Ya ce, "'Yar nan, shiga ciki, gwaggonki tana jiranki. Bawan Allah ya taso daga nesa, kada mu kunyata shi."

Wani daga cikin mazan ya ce ai malaman makaranta komai sai sun yi gyara. Aka yi dariya. Ina tsaye da jiƙaƙƙen hannu aka tuntsurar da jarkokin a tafki. Na shiga gida, ko furar da gwaggo ta dama mini ban iya sha ba. Da an duba an ce ban yi daidai ba, da sauƙi. Kifin yana hannuna, a gaban idon kowa, amma babu wanda ya sunkuya ya kalle shi, don kada baƙo ya ji kunya.

Damina ta wuce Kawu yana zuba musu abinci safe da yamma. Buhu ya ƙare ya sayo wani. Duk zuwan da na yi sai ya ce suna nan suna tasowa, ruwan ne ya yi duhu ba a ganinsu. Da aka yi girbi ya kira wani masunci ya jefa birgi. Ragar ta fito wayam, domin kifayen ta cikin idonta suke zurarewa. Sai da aka sa kwando sannan aka ɗebo su, suna nan yadda aka zuba su. Gwaggo ce ta ɗebo mini kaɗan a kwano, a ɓoye. Na matsa cikin ɗaya da babban yatsa, sai ga ƙwai. Uwa ce, mai tsawon ɗan yatsa, ita Kawu yake ta ciyarwa yana jira ta girma.

Na kai masa har zaure. Ya daɗe yana kallon kwanon, sannan ya ce, "Ruwan fadamar nan ne bai karɓe su ba. Haka Allah ya ƙaddara." Har yau haka yake faɗa wa duk wanda ya tambaya. Ban yi musu da ƙaddara ba, amma na fita daga zauren ba tare da na yi masa sallama yadda ta kamata ba, kuma mahaifiyata ta yi mini faɗa a kan haka.

Da rani na je Gwiwa bikin sunan jaririn wata abokiyar aikina, ya dace da ranar kasuwa. A bakin hanya na ga babur da jarkoki biyu, da mutumin nan, ya tare wani dattijo yana nuna masa damtsensa. Na ce wa mai adaidaitar da ya ɗauko ni ya tsaya. Na isa na gaida dattijon, na ce, "Baba, kafin ka saya, ka ce ya nuna maka gashin bakinta." Na faɗi abin da ya sami kawuna, da ƙarfi, yadda na kusa za su ji.

Mutumin ya rantse bai taɓa ganina ba. Jama'a suka taru, kuma ni suka shiga bai wa haƙuri. "Hajiya, ki rufa masa asiri, abinci yake nema." Na ce shi ma wanda ya sayar da bijiminsa ai abinci yake nema. 

Dattijon dai ya sunkuya, ya sa hannu a jarka, ya ɗago ɗaya kusa da idonsa. Ya juya shi, ya shafa, ya mayar cikin ruwa. Ya goge hannu a rigarsa ya yi gaba abinsa. Mai babur ya ja kayansa zuwa ɗaya gefen kasuwa, inda masu dabbobi suke, na hango shi ya sake kafa babur. Mai adaidaita yana ta yi mini hon, na koma na hau. A gidan suna aka kawo mini tuwo da miyar kifi, na ce su ba ni ruwa kawai.