Hoton da Amadu Ya Gyara

Duk wanda ya nemi katin shaida a Yamai a shekarun farko na samun 'yanci ya san rumfar Amadu mai hoto, can bayan Ƙaramar Kasuwa. Mutumin Maraɗi ne, siriri, mai tsabta har ta yi yawa. Ɗaukar hoto kowa ya iya. Abin da ya fitar da Amadu daban shi ne gyara. In ya wanke fim, sai ya ɗora shi kan gilashi, ya fiƙe fensir kamar allura, ya sunkuya. Mai karkataccen baki ya fito da bakinsa daidai, mai zanzana ya fito sumul, tsohuwa ta koma ƙanwar kanta.

In ka ce masa, "Amadu, ai ka jirkita mutum," sai ransa ya ɓaci. "Ni ba na jirkita kowa. Gyarawa nake." Gyarawa, in ji shi! Kai ka ji mutum, wai shi ne zai gyara abin da Allah Ya riga Ya gama. Amma fa mutane suna so, kuma ba wanda ya taɓa maido masa da hoto don ya yi kyau da yawa.

Duk duniyar Amadu mutum biyu ne: ƙanwarsa Zinariya, wadda ya riƙe tun rasuwar iyayensu, da mijinta Idrisa, direban kamyo, wato babbar motar kaya. Idrisa Bagobiri ne, tsagarsa tun daga bakinsa har kunne, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan. Mutum ne mai dariya da ƙarfi, kullum suna tsokanar juna da surukinsa. Ranar da ya zo ɗaukar hoton kati, yana gyara hula ya ce, "Yaya, ka ga fuskar nan? Gonar kakana ce, kada ka taɓa mini kunya ko ɗaya."

Amadu ya ce to. Amma hannun da ya saba ba ya jin magana. Da ya ɗora fim ɗin ya ga layukan nan, sai ya ga kamar datti ne a kan aikinsa. Ya ce bari ya ɗan rage kaifinsu. Ya rage, ya ƙara ragewa, kafin la'asar babu ko ɗaya. Idrisa ya ga hoto ya kwashe da dariya har da dukan cinya. "Wannan ɗan gayen fa, wane ne? Zinariya, zo ki ga sabon mijinki!" Akawun da ya manna hoton a kati bai ko ɗaga kai ba, ya buga hatimi. Shekara biyu kati yana aljihu, ba wanda ya dube shi da kyau.

Sai gari ya canza. Aka fara raɗe-raɗin cewa wasu sun tsallako iyaka da bindigogi, suna yawo da katin da ba nasu ba. Aka kafa shinge a kowace hanya. Masu shayi suka daina hira in baƙo ya zauna. Wani tsoho mai sassaƙa hatimi a bakin kasuwa, aka zo aka tafi da shi da rana tsaka, kayan aikinsa suka kwana uku a kan tabarma ba wanda ya yarda ya taɓa.

Ran Litinin da hantsi, Halimatu mai sayar da ganyen salati daga Gudel, can bakin gari, ta faɗo rumfar Amadu tana haki. Ta ce a gabanta aka sauke Idrisa a shingen Gudel. Mai bincike ya dubi kati, ya dubi fuska, ya sake duban kati, ya ce, "Mai hoton nan ba shi da tsaga. Ina ka samo katinsa? Ina ka kai mai shi?" Idrisa yana dariya yana cewa aikin surukinsa ne, har aka ɗaure masa hannu bai daina dariya ba. Sai da aka jefa shi mota ya yi shiru.

Zinariya ta zo da goyo, ido jawur. "Yaya, kai kaɗai za ka iya gaya musu. Ka je ka ce kai ka goge." Ya ce zai je, wallahi zai je.

Kuma ya fara da gaske. Ran Talata da safe ya binciko fim ɗin Idrisa a akwati, ya jiƙa auduga da man goge fenti, ya share fensirin nan tas. Ya wanke sabon hoto. Yana kallo a cikin ruwan magani tsagar tana fitowa ɗaya bayan ɗaya, shida nan, bakwai can. Ga Idrisa sak. Abin da ya rage kawai ya sa takalmi ya kai hoton nan inda ake tsare da shi, ya ajiye shi kusa da na katin.

Yana ɗaga labule sai ya hangi wani mutum mai baƙin tabarau zaune a tsallaken titi, yana fuskantar rumfarsa. Wataƙila mota yake jira. Amma Amadu ya tuna da tsoho mai hatimi. In ya je ya ce shi ke sauya fuska a hoton kati, tambaya ta gaba ai ya san ta: mutum nawa ka sauya wa? Su wane ne? Ɗaruruwa ne, kuma bai san sunan rabinsu ba. Ya saki labule, ya sa hoton ƙarƙashin gilashin tebur. Ya ce gobe.

Laraba ya ce bari ya nemi wanda ya san wani babba tukuna. Alhamis ya ce cikinsa ne ya ɓaci. Tsoro ne, jama'a, tsoro tsagwaronsa, ba na ɓoye masa. Kullum Zinariya ta zo sai ya ce, "Ana kan magana." Ita kuwa ta yarda, don tun tana yarinya bai taɓa yi mata ƙarya ba.

Ran Juma'a bayan masallaci ya daure ya tafi inda ake tsare da Idrisa, hoto a aljihu. Mai gadin ƙofa ya saurare shi har ƙarshe, bai ko karɓi hoton ba. Ya ce mutanen da aka kama a shingen Gudel an kwashe su jiya da yamma, an yi arewa da su. Ina? Bai sani ba. Ba wanda ya tambayi Amadu komai, ba wanda ya tare shi. Ya juyo gida da ƙafarsa lafiya lau, kuma wannan shi ya fi ci masa rai.

Aka yi wata, aka yi shekara. Ba wasiƙa, ba gawa, ba wanda ya dawo ya ce ya gan shi. Amadu bai ƙara fiƙe fensir ba. Mai karkataccen baki ya fito da abinsa a karkace, ciniki ya koma wajen wasu, shi ko a jikinsa.

Wata rana Zinariya ta shigo da hoton nan mai sumul wanda yake rataye a ɗakinta, ta ajiye masa a tebur. "Yaya, 'yarka ta fara wayo, tana nuna wannan tana cewa baba. Ba ubanta ba ne. Ba ka da na gaskiya?"

Ya ɗaga gilashi ya miƙa mata. Ta bi tsagar da yatsa, tana ƙirgawa a hankali. Gefen takardar har ya fara yin rawaya. Ta lura.

"Yaushe ka wanke wannan?"

Yana iya gyara wannan ma, kalma ɗaya ta isa. Ya dube ta, ya kasa.

"Talata," ya ce. "Washegarin da aka kama shi."

Zinariya ta daɗe tana kallon hoton. Ta naɗe shi a bakin zanenta, ta ɗaure.

"Alhamis aka tafi da su," ta ce.

Ta fita. Amadu ya rayu shekara ashirin da ɗaya bayan wannan rana, unguwa ɗaya suke, ba ta ƙara kiransa Yaya ba.