Haruffa Tara a Gwangwanin Biskit

Mahaifina, Rogelio Dimaano, wanda duk unguwarmu a Marikina ke kira Mang Elyo, wato kamar a ce Malam Elyo, tela ne. Shekara talatin da ɗaya yana ɗinka rigunan ƙwallon kwando, na gasar unguwa da na magoya baya. Bai taɓa yarda da sunan da ake liƙawa da dutsen guga ba. Shi sai ya yanka kowane harafi da almakashi, ya ɗinke shi a bayan riga da keke.

Ƙungiyarsa ita ce masu koriyar riga, gadonta ya yi wurin kakana. Kowace Lahadi da la'asar yakan ture keken ɗinki gefe, ya juya talabijin ta fuskanci titi, abokansa su cika dogon bencin da ke ƙofar shago. Su takwas ne, da kofi da gyaɗa da musu. Tun rasuwar mahaifiyata, wannan bencin ne kaɗai wurin da nake jin dariyarsa. Ni ina ciki, bayan tulin yadi, ina tsinke zare ina saurare. Ko da na gama jami'a na dawo, wurin zamana bai canza ba.

Duk shekara ƙungiyar na sauya 'yan wasa, har sunaye suka fara rikice wa tsofaffin. Abin da ya riƙe su shi ne Doro Lacsamana, mai lamba goma sha bakwai, wanda ya yi shekara goma sha ɗaya bai sa rigar kowa ba sai koriya. Rabin unguwa na da sunansa a baya, kuma ɗinkin Baba ne.

Wata Talata da safe rediyo ya ce an musanya Doro. Ya koma wurin masu rawayar riga, abokan gabarmu, an karɓo sababbi biyu da ba wanda ya san su.

Mang Pidyong, direban babur mai ƙafa uku kuma aminin Baba tun firamare, shi ya fara leƙowa.

"Elyo, sun sayar maka da ɗa."

"Ba sayarwa ba ce, musanya ce."

"Da me? Da buhun shinkafa biyu, ɗaya ma ɓera ya huda."

"Ƙungiya muke bi, ɗan tsoho, ba mutum ba."

"Wace ƙungiya? Lissafo min biyar ɗin farko ban da Doro."

Baba ya kawo uku, ya tsaya.

A makon nan mutane suka yi ta kawo riguna a cire musu sunan. Ni nake warware ɗinkin da reza, Baba yana zuba haruffan a gwangwanin biskit, ya hana a zubar. Sai dai akwai abin da bai hango ba duk da shekarunsa a sana'ar. Rana da wanki sun koɗar da rigunan, amma wurin da haruffan suka rufe yana nan shar. Ko an cire, daga tsallaken titi ana karanta LACSAMANA.

Ya ce zai nuna musu misali da tasa. Ya cire sunan, ya ɗinka na ɗaya daga cikin sababbin, ABAD. Haruffa huɗu a tsakiya, tsohon suna yana leƙowa dama da hagu. Ran Lahadi ya sa ta ya fito. Mutum biyar ne suka zo.

"Ka aura wa Doro mata ne a bayanka?" in ji Mang Pidyong. Aka yi dariya, ban da Baba.

Bayan sati uku Mang Pidyong ya shigo da rawayar riga a leda, yana kallon ƙasa.

"Haruffana suna nan? Ka mayar min su a kan wannan."

Baba ya buɗe gwangwanin, ya tsinto tara, ya jera. Ya ɗinka su tsaf, ba karkata ko ɗaya, ya miƙa masa. Daga ranar Mang Pidyong ya koma kallo a shagon aski da ke bakin gada, inda masu rawaya ke taruwa. Biyu suka bi shi. Sauran suka ce ƙwallon ma ta fita ransu.

Wata huɗu bayan nan aka musanya Abad shi ma.

Lahadin da ta biyo baya, Baba ya juya talabijin kamar kullum, ya dafa kofi na mutum takwas. Aka fara wasa ba wanda ya zo. Na fito daga bayan yadi na zauna a ƙarshen bencin, karo na farko a rayuwata.

"Marites," ya ce, idonsa na kan allo, "wannan dogon, namu ne tun yaushe?"

"Ban sani ba, Baba."

Ya gyaɗa kai. Kafin a tafi hutun rabin lokaci ya tashi ya kashe. Da safe ya shigar da bencin ciki, ya jera bandir ɗin yadi a kansa.