Ƙurar da ta cinye akuya

Rediyo ake ce masa a shagonsa na aski, don bakinsa ba ya hutu. Zai fara maka labari da gashin ƙeya, ka biya ka fita bai kai ƙarshe ba. Da annoba ta zo aka rufe shaguna, sai Rediyo ya koma gida ba mai sauraro.

Matarsa nas ce, an tsare su ita da abokan aikinta suna kwana a asibiti don kada su kai ciwon gida. 'Yarsu tilo, wadda yake kira Gimbiya, ta ɗauki abin da zafi. A ganinta Umma guduwa ta yi. Kullum uwar ta kira waya, yarinyar sai ta juya fuska bango ta yi gum. Haka matarsa za ta haƙura ta kashe wayar, abin yana ci masa rai.

Ya yi waƙa, ya yi rawa da tsintsiya, ko kallo bai ishe ta ba. Ranar nan da hantsi ya ɗauko littafin hotunan da uwar ke karanta mata, wanda bangonsa ya sha hannu har ya yi laushi. Shi kuwa mai aski ba ya rabuwa da gashi. Wani ɗan guntu ya faɗo daga rigarsa, ya zauna daram a kan harafin k.

Ya gyara murya ya karanta, "Sai ƙura ta cinye akuya."

Gimbiya ta waiwayo. "Kura ce, Baba."

"Ga shi nan a rubuce, ƙura!"

Ta hure gashin, ta harare shi. "Ƙura tana da haƙori ne?"

Bawan Allah ya ga hanya. Daga nan kuskure ya zama sana'arsa: baƙi su koma baki, ƙafa ta koma kafa, ita kuma tana gyara shi tana tsaki kamar tsohuwar malama.

Suna cikin haka waya ta yi ƙara. Kafin ya miƙa hannu ta fizge.

"Umma, Baba bai iya karatu ba! Duk ya ɓata littafin."

Can ɓangaren sai dariya haɗe da jan hanci.

"To karanta min daidai, 'yar albarka."

Ta haye cinyarsa, ta buɗe shafin farko. "Kai ka yi shiru, Baba. Riƙe min wayar."