Muryata cikin motocin Tamaske

Ni ba mai ɗaga murya ba ce. Ko a ajin yaƙi da jahilci, sai malama ta matso kusa da bakina take jin abin da nike karantawa.

Wata ranar kasuwar Tamaske, bayan girbi, ƙanen mijina ya ɗauke mu cikin motar da yake tuƙawa, ni da goyona da ɗiyata ta fari. Lokacin ya sayo wani makirho daga Konni, marar waya, mai cin pil, wato batir. In ya murɗa rediyon mota zuwa wata lamba, duk abin da aka faɗa cikin makirhon sai ya fito ta lasifika. Da shi yake kiran fasinja, yana ji da kansa.

Ina cinikin albasa na waiwaya, ba yarinya. Ko famfara ba ta fara ba lokacin. Na zaga wajen masu kanwa, na leƙa wajen awaki. La'asar ta yi, motocin Keita da na Buza sun fara cika. Tsorona kada ta bi wata mai zane irin nawa ta hau mota.

Ƙanen mijina ya kira sunanta cikin makirho har ya gaji. Shiru. Sai ya bi direbobin tasha yana roƙon kowa ya buɗe ƙofofi, ya kai rediyonsa lambar nan. Ya miƙo mini abin.

"Matar yaya, ke ki kira sunanta. Muryarki ta sani."

"Kai, ɗiyar fari? Da bakina, gaban maza?"

"Ajiye kunyar nan, in mun koma gida ki dafa mana ita mu ci."

Mu nan uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, kuma tun da na haife ta ban taɓa faɗi ba. Na buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Sai na faɗi abin da nike ce mata kowane marece, a hankali, kamar muna tsakar gida:

"Ke, ina kika shiga? Zo ki riƙe mini ƙanenki, hura za ni dama."

Na ji muryata ta fito daga motar Keita, ta fito daga kamiyon albasa, ta fito can bakin hanya. Tasha ta fashe da dariya. Wani karen mota ya ce, "Inna, a dama da mu!"

Sai ga ta daga bayan buhunan gero, da gudu. Ta nufi motar Keita, tana leƙa ƙarƙashin kujeru tana nemana. Direban ya ɗaga ta sama, tasha duka ta ɗauki tafi.

Aka kawo mini ita. Na kwance goyon na ɗora mata ƙanenta, tunda gaban kasuwa duka na faɗa.