Jan Faifan Gaolathe Baduku

Gaolathe Mmopi baduku ne a Lobatse, shagonsa na bayan tashar mota. Ya fi shekara talatin yana ɗinka wa masoya kiɗan metal, wato kiɗan gita da ganga mai tsananin ƙara, baƙaƙen rigunan fata masu ƙusoshi da takalma masu bakin ƙarfe. Aikinsa ba shi da makusa. Halinsa ne dai sai a hankali, don mutum ne da in ka gaishe shi da fara'a sai ya shafa aljihunsa. Matarsa, Mma Onneile, takan ce ko ranar aurensu sai da ya karanta takardar sau biyu kafin ya sa hannu.

Shi ya riƙa ɗinka wa makaɗan ƙungiyar Dinare kaya tun suna samari masu gitar aro, har furfura ta cika musu kai. Shekarar da fari ya ƙarar da shanu a yamma, Dinare suka yi wasa a Ghanzi don a haƙa wa makiyaya rijiyar burtsatse. Aka ɗauki sautin wasan, aka buga shi a jan faifan garmaho, guda ɗari biyu kacal, kowanne da lamba rubuce da hannu. Mai gangarsu, Seabelo, shi ya miƙa wa Gaolathe na arba'in da ɗaya. Ba a shekara biyu ba Seabelo ya rasu.

Da faifan ya yi wuyar samu, dillalan tsofaffin faifai suka fara sallama daga Johannesburg. Gaolathe ya kulle nasa a akwatin ƙarfe ƙarƙashin keken ɗinki. Duk wanda ya tambaya, amsa ɗaya ce, gara ta cinye.

Wata Talata da hantsi wata mata ta shigo, 'yar kimanin shekara talatin, da ƙurar tafiya a takalminta.

"Sannu da aiki, Rra," ta ce, kamar yadda ake kiran dattijo a can. "Sunana Tshepiso, 'yar Seabelo ce ni. An ce muryar babana tana cikin faifan da ke wurinka. Ina ƙarama ya bar mu, ban riƙe ta ba."

Gaolathe bai ɗago daga fatar da yake huda ba.

"Wa ya ce yana wurina?"

"Mutane."

"Mutanen ba su da suna? To, da wane hannu baban naki yake cin tuwo?"

"Ban sani ba, Rra."

"Wace giya yake sha?"

Mma Onneile ta leƙo daga ciki riƙe da ludayi. "Haba, tsohon nan, ɗan sanda ka zama? Yarinya ta sha hanya, ko ruwa ba ka ba ta ba."

Ya bar ta zaune a benci har rana ta take, yana satar kallon jakarta, wadda a ganinsa faɗinta daidai faɗin faifai ne. Ba ta tashi ba. Can dai ya rufe ƙofar shagon, ya sa kujerarsa tsakaninta da ƙofar, ya ciro faifan.

"Ki zauna a kan hannuwanki," in ji shi.

Allurar garmaho ta sauka a kan faifan. Gita ta yi kururuwa, ganga ta biyo baya kamar tsawa, har ƙusoshin da ke cikin gwangwani suna rawa. Bayan waƙa ta uku kiɗa ya tsaya, sai ga muryar mai gangar yana haki yana dariya, yana cewa a taimaka masa da ruwa, tunda dai don ruwa aka taru. Jama'a suka kwashe da ihu.

Tshepiso ta ce a maimaita wurin. Ya maimaita sau uku. A na ukun ta sunkuyar da kai ta ce, "Rra, akwai abin da ban faɗa maka ba. Wani dillali ne ya sako ni a mota. Ya ce in ka ji ni 'yar Seabelo ce za ka ba ni kyauta, in kai masa. Amma 'yarsa ce ni, wannan ba ƙarya ba ne."

"Tun shigowarki na sani," in ji Gaolathe, alhali zuciyarsa ta riga ta fara karyewa kafin ta yi maganar. Ya mayar da faifan akwati, ya ce in sauraro take so, ƙofa a buɗe take, amma faifai ba zai taka bakin titi ba. Mma Onneile ta ɗauki hotonta a waya, ta cika mata kwano da dakakken nama.

Abin ya hana shi sakat. Bayan mako biyu ya hau mota, tafiyar yini guda, zuwa Maun wurin Motlalepula, tsohon mawaƙin Dinare, wanda yanzu awaki yake kiwo. Ya nuna masa hoton. Tsohon ya kai wayar kusa da hanci, ya daɗe yana dubawa.

"Goshin nasa ne," ya ce. "Sai dai rabin mutanen Ghanzi goshinsu ke nan."

"Yana da 'ya mai suna Tshepiso ko ba shi da ita?"

"Kai, ɗan'uwa, mai ganga ne fa. 'Ya'yansa uku na sani, ban rantse su ke nan ba."

Haka Gaolathe ya dawo gida da ciwon baya, ya canja kwaɗon akwatin. Da wata ya zagayo Tshepiso ta sake zuwa, ba jaka a hannunta. Ya sa mata faifan tun daga farko har ƙarshe, bai kuma gaya mata ya je Maun ba.