Wilf Staniforth da Kwabon da Ya Ƙi Karɓa

Ran Litinin, 3 ga Maris, 1958, na kama aikin akawu a wata ƙaramar masana'antar wuƙaƙe a Sheffield, kuma ran nan na fara ganin Wilf Staniforth. Shi ke sa wa wuƙaƙe ƙota. Gajere ne, kunnensa ɗaya ba ya ji, ga surutu. Ya ɗauki ruwan wuƙa ya nuna mini siririn ƙarfen da ke shigewa cikin ƙota.

"Akawu, ka san abin da ya sa muke ce wa wannan tang? Sarakunan Tang na ƙasar Sin ne suka ƙirƙiro shi. Kakana ya ji daga bakin wani matuƙin jirgin ruwa."

Duk sabon ma'aikaci sai ya sha wannan labari a lokacin shayi. Kowa ya ji ya wuce, ban da ni. Na kashe Asabar guda a laburare, na dawo da bayani a rubuce: kalmar ta mutanen arewacin Turai ce na dā, masu zuwa ta teku, ma'anarta tsini. Daga nan aka samo tang ɗin da Turawa ke ce wa ɗanɗano mai cizon harshe. Sunan sarakunan Sin kuwa dacewa ce kawai. Na karanta wa ma'aikata a lokacin shayi, a tsaye, har da lambar shafi. Kowa ya ci gaba da kurɓar shayinsa.

Washegari Wilf ya ajiye mini wuƙar aljihu mai ƙotar ƙaho, ya ce kyauta ce. Na zaro kwabo, don a garinmu ba a karɓar wuƙa haka nan. In ba ka miƙa kwabo ba, za ta yanke zumunci. Sai ya zura hannuwansa a aljihu.

"Bar shi, Farfesa. Ai kai ba ka yarda da tatsuniya ba."

Ban yarda ba kuwa. Amma ya daina zuba mini shayi, ya daina tsokanata, ofis ya yi mini faɗi. Ni mai yi wa camfi dariya, sai ga ni ina bin dattijo da kwabo. Na jefa masa a aljihun kwat, na tsince shi a gindin kofina. Na aika ta gidan waya, ambulan ya dawo an rubuta "ba a san mai wannan suna ba", da rubutun hannunsa.

Na gaji na same shi. "Baba Wilf, me kake so in yi?"

"Gobe sabon direba zai fara aiki. Kai za ka ba shi labarin."

Lokacin shayi na miƙe na ce sarakunan Sin ne suka ƙirƙiro tang.

"Ɗaga murya, Akawu, ta kunnen da ba ya ji kake."

Na maimaita, har da matuƙin jirgin. Sannan ya buɗe tafin hannunsa, na sa kwabon.

Wilf ya yi ritaya a 1966, ya koma wurin 'yarsa a Rotherham, ya rasu a 1971. Wuƙar tana wurina, da ita nake feƙe fensir.