Amshin Kumanjayi

Yayana Lionel Japaljarri bai taɓa jin tsoron taro ba. Tun yana saurayi shi ne a gaban ƙungiyarsu ta kiɗan rok, daga filin ƙwallon ƙauyenmu har manyan dandamalin Darwin, riga a buɗe, makirufo a baki kamar zai haɗiye shi. Shi ke ba da waƙa, ƙaninmu na bayansa da jita yana yi masa amshi. A haka suka girma, a haka furfura ta fara leƙo su.

Sai mota ta kife da ƙanin namu a hanyar Alice Springs. Muka yi zaman makoki, aka share gidansa, aka rufe hotunansa, sunansa ya fita daga bakin kowa. Kumanjayi muke ce masa yanzu, yadda ake ce wa duk wanda ya tafi. Rediyon ƙauye ya daina sa waƙoƙinsu, don muryar mamaci ba ta yawo a iska sai danginsa sun yarda. Ƙungiya ta watse.

Lionel ya tafi Melbourne. Labari kawai muke ji, wai yana haɗa faifai shi kaɗai, waƙoƙin gida zalla, har da ta tafkin da muke iyo muna yara. Ranar da ya dawo ni na ɗauko shi. Muna dab da ƙauye ya ce in tsaya, ya kira sunana.

"Napaljarri, waƙar ƙarshe fa, yana ciki."

"Wa?"

"Kumanjayi. Wani tsohon amshinsa na samu, na sa."

Na ƙanƙame sitiyari. Faifan nan in ya fita, a kanti ko a wayar wani innarmu za ta ji ɗanta yana waƙa, babu shiri. Kuma a wajenmu wanda uwarsa ta juya wa baya a kan mamaci, ba wutar hirar dangi da zai ƙara zama a gefenta.

Mun tarar da Inna Nangala a inuwa tana shan shayi, ƙaninta Kawu Jangala yana gasa wutsiyar kangaru. Lionel ya kasa buɗe ƙofar mota.

"Tauraron Melbourne, fito mana," in ji Kawu. "Ko sai an tafa maka? Wannan matsattsen wandon kuma na wace yarinya ka aro?"

Ya fito. Daga tsaye ya faɗi abin da ya yi, idonsa a ƙasa, faifan a hannu. Inna ta ajiye kofinta a hankali, ta juya masa baya.

"Su wa suka ji?" Kawu ya tambaya, wasa ya bar muryarsa.

"Ni da Baturen da ya haɗa sautin."

Inna ba ta waiwayo ba ta ce, "Mutum ya tafi ya huta, ka taso shi ya yi maka aiki?"

"Inna, ban san yadda ake waƙa babu shi a bayana ba. Na gwada. Sai in ji kamar zan faɗa rami."

Naman ya fara ƙonewa, ba wanda ya juya shi.

"Rera," in ji ta.

Ya laluba aljihu zai ciro waya.

"Ba da wannan ba. Da bakinka."

Mutumin da ke cika fili da murya, ranar nan da ƙyar muke jin sa. Ya kai wurin amshi ya tsaya, kowa ya san me ya kamata ya shigo nan, ba abin da ya shigo. Ya ɗora baiti na gaba. Haka ya yi ta tsallake ramukan nan har ƙarshe.

Inna ta juyo, ta miƙa hannu. Ya ba ta faifan, ta tura ƙarƙashin bargon da take zaune a kai.

"Wannan nawa ne. Zan ji ran da na shirya, in na shirya. Wadda ka rera yanzu ita za ka kai wa mutane."

"Babu amshi?"

"Babu."

Ya daɗe yana kallon bargon. Sannan ta gusa ta ba shi wuri, ya zauna.